Ɗorawar Bakin Hanya

Duk wanda ya taɓa shan miyar kuka a Gidan Tabo, ƙauyen nan da ke gaba da Makoɗa kaɗan, ya san hannun Juwairiyya ko da bai san fuskarta ba. Ita ce mai daddawar garin. Akwai wasu matan da ke taɓawa, amma tasu sai dai a saya don kunya. Ta Juwairiyya kuwa, ranar da ta buɗe tukunya har 'yan acaɓa da ke wucewa sukan rage gudu, wasu su toshe hanci, wasu su haɗiyi yawu. Doguwar mace ce baƙa, ta haura hamsin, ba ta da yawan magana, ba ta kuma ɗaga murya. Sai dai fa Allah ya zuba mata riƙo. In ka ɓata mata yau, gobe za ta gaishe ka, ta tambayi iyali, ka tafi kana murna an wuce wurin. Ba a wuce ko'ina ba, ajiyewa ta yi.

Kalwar da take dafawa daga bishiya ɗaya take fitowa, wata ƙatuwar ɗorawa a bakin gonarsu, wadda ta rabu biyu tun daga gindi, ɓari ɗaya ya miƙe sama, ɗaya ya rankwafo kan hanya. A ƙasar da gona ke manne da gona, inda ko 'yar tsamiya tana da mai ita, kowa ya san ɗorawar nan gadon Juwairiyya ce daga ubanta Mani, uban da ba ta taɓa sa wa ido ba.

Mani ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Ya tafi ana noman farko, gero bai wuce gwiwa ba, ya bar matarsa Jumma da ƙaramin ciki wanda daga su biyu sai uwarsa suka san da shi. A gindin ɗorawar suka yi sallama. Ya ce mata ko ta wace hanya aka dawo da shi, in ya hango kan bishiyar nan daga nesa ya san ya iso gida. Aka yi girbi, sanyi ya shigo, aka haifi Juwairiyya. Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo, wasu aka kawo labarinsu. Mani bai dawo ba, labarinsa ma bai zo ba. Manema suka yi ta sintiri, malamai suka gaya wa Jumma aure ya halatta gare ta, ta ce ta ji ta gode. Tun daga nan kullum bayan azahar takan ɗauki tabarma ta je inuwar ɗorawa ta zauna tana fuskantar hanya. Da can tana tafiya da gyaɗar ɓara, yanzu da ido ya tafi sai sanda da carbi.

Juwairiyya ta yi aure a Makoɗa, ta haifi nata, mijin ya rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, ta dawo gida ta riƙe uwarta da sana'arta. A cikin waɗannan shekaru ne aka turo wani malamin firamare, Malam Abdussalam, mutum mai kunya da son jin labarin tsofaffi. Yakan tsaya a gindin ɗorawa ya gaida Inna Jumma, hira ta yi hira, har ta ba shi labarin Mani tun daga ranar da ya fara tare ta a hanyar rijiya. Bayan an yi masa canji ya rubuta littafi a kai. Ya sauya sunaye, amma a Gidan Tabo ko makaho ya san da wa ake.

Wannan littafi, ka bar shi kawai. Juwairiyya ta yi karatun yaƙi da jahilci, tana karatu a hankali tana bi da yatsa, kuma a cikinsa ta fara haɗuwa da ubanta. A nan ta san yana da kaushi a ƙafa, yana yin fito in yana huɗa, ba ya iya kallon matarsa ido cikin ido sai dai ya yi ta magana da fartanyarsa. In mata sun taru ɓarar gyaɗa ita ke karanta musu, ta zo wurin sallamar ta tsaya ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ba a hura wuta ba.

Sai ga masu fim. Shugabansu Kamaruddeen, darakta, matashi mai zaƙin baki da waya biyu a hannu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna Jumma, ya kira Juwairiyya Mama, ya ce sun sayi littafin, kuma a nan inda abin ya faru suke so su ɗauka. Juwairiyya ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Ta share gindin bishiya, ta ba su aron tabarmi da ƙorai, har tsohon zanen saƙi na uwarta ta ciro daga adaka. Suka yi 'yan kwanaki a farkon damina suka tafi. Suka dawo da kaka. Jarumar fim ɗin ta yi tafiya, aka jira ta har bazara. Aka sake wani tsaikon, ba su ƙarasa ba sai da wata daminar ta zo ta wuce. Duk zuwan da suka yi Juwairiyya ce ke dafa musu, ba ta taɓa gajiya ba.

Ranar da fim ya iso gari, mata suka taru a gidan mai unguwa bayan la'asar, inda akwai talabijin mai aiki da hasken rana. Inna Jumma ta ce ita ba ta da idon kallo, a je a ba ta labari. Juwairiyya ta ɗaura sabon zani ta zauna a gaba.

Tun daga farko jikinta ya fara sanyi. Wai wannan ne Mani, wani fari sumul da agogo da baƙin tabarau, ya riƙe fartanya kamar an ba shi riƙon jaririn wani. Jumma kuwa kowace fitowa da sabon leshi, gashin ido kamar tsintsiya. Yaƙin da ya cinye mata uba ya zama samari 'yan kaɗan suna guje-guje a lambun gwaba, an ƙona taya a bayansu. Waƙa kuwa ta fi yaƙin yawa. Duk wannan da sauƙi. Sai ga wani mutum da babu shi a littafi, babu shi a duniya, wai Kyaftin Zubair, abokin mijin, ya kawo saƙo daga fagen fama ya ga matar ya kamu. A fim ɗin ta ƙi shi, gaskiya ta ƙi shi, amma sai da aka yi mafarki suka zagaye ɗorawar Juwairiyya suna rera waƙa.

Tana cikin haɗiye wannan ne maƙwabciyarta Sakinatu ta gyara zama.

"Ku tsaya," in ji Sakinatu. "Ba gero na gwiwa mijin nan ya tafi ba?"

Aka ce haka ne.

"To ai ga dammuna a bayanta an yi girbi, ciki a shafe. Ga shi nan kuma ɗorawa ta nuna, kyaftin ya zo, har yanzu ba komai."

Aka ci gaba da kallo, amma yanzu ba mai kallon fuskar kowa, gona ake kallo. Ga sabon gero ya tsiro, ga ciki ya bayyana. Ga ana cirar gyaɗa, ga kukan jaririya. Wata daga baya ta ce a hankali, "Damina biyu ke nan." Sai kowa ya sami abin dubawa a ƙasa, ban da Juwairiyya da ta kafe talabijin da ido har fim ya ƙare, inda aka nuno wani mutum da jaka yana tunkaro ɗorawa daga nesa, aka rubuta a jira kashi na biyu.

Mutumin birni in yana kallon fim, fuska yake kallo da sutura. Mutumin Gidan Tabo ba ya iya ganin gona bai san watan da ake ciki ba, ko ya so ko bai so ba. Abin haushin shi ne, da idonsu suka ga masu fim suna zuwa suna komawa, sun san jarumar ce ta yi tafiya, wasunsu ma har ruwa suka ɗebo musu. Amma abu in ya fito a talabijin ya fi ƙarfin abin da ido ya gani. Aka ce ai mutanen nan sun zauna da tsohuwa, sun ji abin da mu ba mu ji ba. Waɗanda suka ga haihuwar kuwa, unguwarzoma da kakar Juwairiyya da sa'o'insu, duk suna maƙabarta. Kafin mako ya zagayo magana ta je rijiya, ta je gidan suna, ta je teburin mai shayi. Matar da ta shafe rayuwarta tana kallon hanya saboda mutum ɗaya, yau jikokin ƙawayenta ke ƙirga mata watanni a yatsu. Ita kuwa Juwairiyya aka raɗa mata suna a bayan ido, 'Yar Kyaftin.

Ta ji, ta kuma san bakin da kowace kalma ta fito. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai hana uwarta jin komai, a tunaninta, ta ce mata fim ya yi kyau. Sannan ta rufe tukunyarta ga duk gidan da aka yi ƙirge. Aka aiko daga gidan Sakinatu, ta ce ta ƙare, ga ta kuwa jere a faifai tana shan rana. Miyar rabin gari ta koma ruwan kuka da magi, magidanta suka fara tambayar abin da ya sami matansu. Wannan ya ɗan sanyaya mata rai, amma kaɗan. Ba su ne suka ƙago kyaftin ba.

Da bazara ta gabato, ɗorawa ta yi 'ya'ya sun sauko jere-jere ba su kai ga nuna ba, sai ga motar Kamaruddeen. Ya zo neman izinin kashi na biyu. Juwairiyya ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zayyana masa abin da fim ɗinsa ya jawo, tiryan-tiryan, ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Abu ɗaya ta roƙa, ya tsaya a ƙofar mai unguwa ranar Juma'a ya gaya wa mutane cewa tsaikon aiki ne ya sa damina ta zama biyu, kuma babu wani kyaftin.

Dariya ya yi, har da buga cinya.

"Haba Mama, wa ke kallon gero a fim? Ni wallahi ban ma lura ba."

"Mu muna kallo, ɗan nan."

Ya sunkuyar da kai, ta zaci kunya ce ta kama shi. Ashe tunani yake. Idonsa ya yi haske, ya ɗaga yatsa.

"Amma fa Mama kin kawo shawara. Ki duba, soja ya dawo, ya tarar da yarinya, ya zauna ya yi lissafi, lissafi ya ƙi fita. Ai kashi na biyu ya samu ke nan. A nan gindin bishiyar za mu buɗe, inda muka tsaya. Bishiyar nan ita ce fim ɗin, ita ce a jikin hoton talla, ita mutane suka sani."

Juwairiyya ta dube shi. A ranta ta ce, Allah ya isa tsakanina da kai, kuma ba zan jira lahira ba. A fili kuwa murmushi ta yi, ta dama masa fura da nono mai kyau, ta tambaye shi yaushe za su zo don ta shirya. Ya ce ranar Asabar ta sama, da kowa da komai, jarumai da motar kaya. Ta ce Allah ya kai mu, ta raka shi har mota.

Akwai bikin wata jikar dangi a Bagwai, wanda da farko Inna Jumma ta ce ba za ta iya zuwa ba. Juwairiyya ta lallashe ta, ta sa ta a mota da 'yan uwa, ta ce ta kwana biyu ta huta. Motar na ɓacewa ta aika a kira Muntaka mai injin yankan katako.

Muntaka ya zo ya zagaya bishiyar, ya ɗaga kai ya dubi 'ya'yan, ya dube ta.

"Yaya Juwairiyya, lafiya kuwa? Ko dai a bari su nuna ki kwashe na bana?"

"Ba ni da lokacin jira."

"Wannan fa ita ce sana'arki. Kuma nan Inna take zama."

"Tawa ce ko taka?"

"Taki ce."

"To tayar da injinka."

Ƙarar injin ta fito da gari kaf. Mai unguwa ya zo da kansa ya ba ta haƙuri, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ce gadonta ne take bukatar itacen. Dattijai suka yi ta salati. Ɓarin da ya rankwafo kan hanya shi ya fara faɗuwa, ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse. Ɗayan ya ɗauki lokaci, kamar ba ya so. Juwairiyya na tsaye ta harɗe hannu, ba ta ko ƙifta ba. Da ya kwanta ta juya ta nemo Sakinatu a cikin taro.

"Sakinatu, ke ce gwanar ƙirge. Zo ki ƙirga mini shekarunta a jikin kututture, in kin gama ki gaya wa mutane wa ya haife ta."

Sakinatu ta ja mayafi ta rufe fuska ta sulale.

Ranar Asabar da hantsi motoci suka iso, da motar kaya da janareto da jaruma a bayan baƙin gilashi. Kamaruddeen ya fito yana waya, ya nufi inda ya saba nufa, ya tsaya cak. Fili fetal, rana ta ko'ina, ga faskare an jera tsibi-tsibi. A kan kututturen Juwairiyya ce zaune, a gabanta tukunya na tafasa.

"Mama, ina bishiyar?"

"Sannunku da zuwa. Ga shinkafa da wake nan na ɗora muku, da ita bishiyar nake dafawa. Tana ci da kyau kuwa, duk da ɗanya ce."

Ya dafe kai, ya zagaya kututturen kamar zai same ta a bayansa. Ya ce ya ɗauko mutane, ya ɗauko kaya, an riga an sanar wa duniya. Ya ambaci kotu. Ta ce ga hanyar Makoɗa nan, alƙali ma ya san gado. Ya sauko ya koma roƙo, ya ce me ya yi mata da zafi haka.

"Ka ce ba mai kallon gero," in ji ta. "To ita ma bishiya wa ke kallonta? Nemi wata, ga su nan birjik."

Sun nema kuwa. Sun yi ta yawo ƙauye-ƙauye har bayan Bagwai, ba su sami ɗorawar da ta rabu biyu ta rankwafo kan hanya ba. Jarumar ta gaji da zama a mota ta koma Kano inda wani aikin ke jiranta, sauran suka bi ta. Har yau ba wanda ya ga kashi na biyu. Ƙirge kuma ya mutu a Gidan Tabo a ranar, don matar da ta sare abincinta da hannunta saboda magana ɗaya, ba wanda ke son ya ji abin da za ta yi a kan ta biyu. Juwairiyya ta ji daɗi, ba kaɗan ba. Ta ci shinkafar da baƙi suka ƙi ci, ta ƙara, ta yi barcin da rabonta da shi tun ranar kallo.

Washegari aka dawo da Inna Jumma. Juwairiyya ta shirya maganganu iri-iri da za ta faɗa mata, amma duk suka maƙale. Aka yi azahar, tsohuwa ta ɗauki tabarma da sanda ta kama hanyar da ƙafarta ta sani ba sai da ido ba. Juwairiyya ta bi ta a baya. Inda ya kamata sanyin inuwa ya sauka a kanta, rana ce ta ci gaba da dukanta. Ta tsaya. Ta miƙa sanda ta taɓa kututture, ta sunkuya ta shafa shi da tafin hannu tun daga wannan gefe har wancan.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna. Za su sake yi miki ƙarya a gindinta. Ba ki san abin da ake faɗa ba."

"Na sani tun ranar. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau. Su yi ta ƙirgensu, ni na san watana, shi ma ya sani." Ta ci gaba da shafa itacen. "Amma in ya biyo ta hanyar Makoɗa, me zai hango?"

Juwairiyya ta dubi hanyar. Duk daren da ta kwana tana saƙa yadda za ta ƙona ran Kamaruddeen, wannan tambaya ba ta taɓa zo mata ba. Baƙin ciki ya rufe ta, irin wanda ba ta da wanda za ta rama a kansa. Ta juya da gudu-gudu ta ɗauko lema a gida, ta buɗe a kan tsohuwa, ta nemi gefen kututture za ta zauna.

"A'a, kar ki zauna," in ji Inna Jumma. "Tsaya a nan inda za a gan ki. Tsawonki nasa ne, zai gane."

Yanzu daga kasuwar Dawanau Juwairiyya ke sayo kalwa a buhu, daddawar kuma masu ci sun ce ba ta kai ta da ba. Ta buɗe wa gidan Sakinatu ciniki, amma takan zaɓar musu ƙanana. Kamaruddeen kuwa ba ta yafe masa ba, har bishiyar ma a wuyansa ta ɗora, kuma duk wanda ya zo daga Kano sai ta tambaye shi ko ɗan nan yana nan yana fim, ko Allah ya kama shi. In ka bi ta hanyar bayan azahar za ka gan su, tsohuwa zaune a kan kututture tana jan carbi, doguwar mace tsaye a kanta riƙe da lema, tana canza hannu in ɗaya ya gaji, har a kira la'asar.